Waƙar Da Za Ki Tallata Hajarki Da Ita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa, tambaya ce wata baiwar Allah ta yi mini bayan an tashi daga ta'alimi a Hunkuyi. Ƙungiyarsu ta masu yin sabulu da man shafawa da turaren wuta za ta yi baje koli, an gayyato mata daga Ikara da Maƙarfi, har an ɗauko hayar lasifika. Mai lasifikar ya ce su faɗi abin da zai sa. Nan fa kai ya rabu. Wasu na son waƙar fim mai tashe don wuri ya cika, wasu suka ce sam, a sa karatun Alƙur'ani tun safe har a watse. Ta ce, "Malama, su wa ke da gaskiya?" Na ce mata kowane ɓangare akwai gyara.

Maganar kiɗa dai malamai sun yi saɓani a kanta tun da daɗewa. Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A) ya fassara aya ta 6 a Suratu Luƙman, mai zargin sayen zancen shagala, da cewa waƙa ake nufi. Ibnu Hazmin ya halatta, Imamu Gazali ya yi sauƙi da sharuɗɗa. Amma Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a makarantar allo ko Islamiyya, ta hana sauraren kayan kiɗa, ta yi togaciya da mandiri a bikin aure. Baje koli kuwa ba aure ba ne. Saboda haka barin kiɗan shi ya fi kuɓutar da ke, kuma ba ki rasa komai ba.

To amma ko babu kiɗa, baitin fa? Nan ne aka fi sakaci. Waƙar da kika biya aka yi wa hajarki, ko kika ɗora a kan hoton kayanki a WhatsApp, maganarki ce, aron baki kawai kika yi. In mawaƙi ya ce man nan naki yana maganin ƙyasbi da sanyi da mayar da tsohuwa yarinya, alhali ke kika haɗa shi kin san man kaɗanya ne da ƙamshi, ke kika yi ƙaryar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) cewa Manzon Allah (S.A.W) ya gargaɗi 'yan kasuwa a kan rantsuwa, domin tana sa kaya su shige amma tana tafiya da albarka. Zuƙi-ta-mallen mawaƙi aikin da take yi ke nan. Matar da ta sayar da tiya biyu ta masara ta biya kuɗin mota daga Kudan, ta sayi man don 'yarta mai ƙuraje, haƙƙinta na wuyanki, ba na mai lasifika ba. Sannan ga habaici. Sau nawa aka sa waƙar maƙiya da mahassada a buɗe shago, kowa a wurin ya san da maƙwabciya ake, ko da kishiya? Wallahi ciniki bai gaji haka ba.

Su kuma masu cewa a sa karatu, niyyarsu mai kyau ce, Allah Ya saka. Sai dai aya ta 204 a Suratul A'araf ta umarce mu da yin shiru mu saurara idan ana karanta Alƙur'ani. Yaya za a yi shiru ana "nawa ne?", ana "albarka", ana neman canji, goyo na kuka? Maganar Allah ta fi ƙarfin a mayar da ita abin kiran masu saye. Ku sa ɗaya daga cikinku ta buɗe taro da 'yan ayoyi, kowa na zaune, a yi addu'a, sannan a shiga ciniki.

Waƙa mai tsafta kuwa gadonmu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta na 'Yan Taru. A cikinku ba za a rasa mai baiwar tsara baiti huɗu ko biyar ba, ta faɗi sunan kayan, da abin da aka haɗa su, da farashinsu, 'yan mata su rera a tsakanin mata.

Abin da na roƙi mai tambayar shi ne, kada su bar zaɓin a hannun yaron lasifika. Mutum biyu su zauna tun ana gobe su saurari duk abin da za a sa, daga farko har ƙarshe, don wata waƙar sai a tsakiya take ɓaci. A rage ƙara saboda maƙwabta da marasa lafiya, kuma kada sauti ya tara samari a bakin ƙofa. A gaya masa tun kafin a ba shi kuɗin kafin alƙalami cewa da an ji kiran sallar Azahar zai kashe.