Dukiyar Ƙasa Amana Ce

Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. To, in hukuma ta daina cin ladan talaka, askin ya sauka daga wuyanta ke nan?

A da, arzikin Nijeriya ta Arewa daga gona da garke yake fitowa. Manomi ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali, aka yi ta tara dalar gyaɗa a Kano, jirgin ƙasa yana kwashewa zuwa Ikko. Ko da yake an sha zaluntar talaka wajen karɓar haraji, hukuma ta san in gona ta mutu, baitulmali ya mutu.

A 1956 aka sami man fetur a Oloibiri. Da kuɗinsa suka yawaita bayan 1973, sai ido ya bar gona. A 1979 jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, amma wata igiya ta tsinke: wanda bai biya ba yakan ji nauyin tambaya, wanda bai karɓa ba yakan manta da bayani.

Wannan kuwa kuskure ne, gama man da ke ƙarƙashin ƙasa na jama'a ne duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mai riƙon dukiyar maraya ba shi da ikon cewa maraya bai ba shi kome ba. Saboda haka in an gina makaranta ko an haƙa rijiya, bashi aka biya. Talakan da ya tambayi inda sauran kuɗin suka shiga kuwa, hakkinsa ya nema.