HOTO A KURKUKUN ELMINA

'Yan uwana mata, akwai abin da ya hana ni sakat tun dawowata daga Gana, inda na je barkar haihuwar ƙanwata a zangon Kumasi. Mu mutanen Bebeji wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce, kakanninmu fataken goro sun sha bin ta zuwa Gwanja, shi kansa Alhassan Dantata da aka haifa a garinmu a 1877 ya yi fatauci a birnin Akra.

Kafin in taho sai maigidanta ya kai mu buɗe ido Elmina, wani ƙaton farin gini a bakin teku. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don tsare cinikinsu na zinariya, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Igwoyin yaƙin na nan sun yi tsatsa, yara na hawa kansu. Yanzu kuɗi kake biya ka shiga kallo.

Aka shiga da mu ɗakin da ake tsare bayi mata kafin jirgin ruwa ya kwashe su. Duhu, ga zafi, numfashi ma da ƙyar. Daga tsakar gidan mai yi mana bayani ya nuna benen da gwamna ke leƙowa ya zaɓi wadda yake so. Wallahi sai da na yi hawaye. Amma muna fitowa ƙanwata ta ce, "Yaya, gyara mayafinki." Na gyara, har da murmushi, aka ɗauke ni hoto.

Da farko wannan murmushin ne ya dame ni: shin ya dace inda aka wulaƙanta mata ya zama wurin shaƙatawa? Daga baya na ga gara a bar ƙofar a buɗe, don abin da aka rufe mantawa ake yi.

Hawayen ne yanzu nake tuhuma. Kasuwar Salaga da fatakenmu suka ci, ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane. Kuma ni ɗin nan da na yi kuka, da bakina na taɓa hana ɗan wana neman wata yarinya mai hankali, na ce a bincika asali, ai kakarta baiwa ce. Yarinyar ta yi aure a Kiru, 'ya'yanta uku. Ranar kasuwar Kwanar Dangora muka haɗu, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Gwaggo, ina wuni?" Na amsa ina kallon gefe.