Awon Ruwa Har Idon Sawu: Nasiha Ga Mazauna Bakin Komadugu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke game da ruwan wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib. Mai gonar da ke sama zai tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan sai ya sake shi ga na ƙasa da shi. Mu lura da kyau, ba a bar al'amarin ga son zuciyar mai gona ba. An sa masa awo wanda kowa ke iya gani da idonsa.

To mu mutanen Diffa, wa ke sama da mu? Komadugu ba a nan ta tsiro ba. Ruwanta na kogin Haɗeja ne da na Jama'are, daga ƙasar Kano da Bauci, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, kafin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, ya je ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso. A shekarar 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Birnin Kano ya sha, manoman rani sun amfana, ba mu kuma yi musu hassada ba. Amma yanayin zuwan ruwa ya sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa a fadamu, dattawanmu kuwa suna shaida cewa kogin ya kan daɗe da ruwa fiye da yadda 'ya'yansu suka tarar.

Masana sun auna tafkin da hotunan tauraron ɗan'adam. A wajen 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 ya rabu gida biyu, bayan na 1984 kuwa abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. N'guigmi, wadda kwale-kwale ke tsayawa a bakinta, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Gaskiya ita ce fari ne babban sanadi, kuma tafkin ya ɗan farfaɗo daga baya. Mafi yawan ruwansa ma daga kogin Shari yake zuwa ta kudu. Sai dai ɓangaren arewa, wanda shi ne namu, Komadugu ce kogin da ke zuba masa kai tsaye, saboda haka duk abin da aka rage mata mu ne farkon masu ji a jiki.

A nan ne muke son a tsaya a yi tunani. Yana da sauƙi mu nuna Kano da yatsa, alhali mu ma muna sama da wasu. Mai lambun tattasai da ya kunna injin ban ruwa tun asuba, ya bar ruwa na malala bayan kunyoyi sun ƙoshi, yana sama da mutumin Bosso. Wanda ya wanke tulun feshin maganin ƙwari a cikin kogi yana sama da matar da za ta ɗebi ruwan sha. Masuncin da ke jefa koma mai ƙananan idanu, ya kwashe har 'ya'yan kifi don ya cika kwalin banda, yana sama da jikokinsa. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannun mutane, ba ta ware hannun talaka daga na mai mulki ba.

Wani zai ce, ai ruwa ya yi yawa har ya ci gidaje a Diffa a 2019 da 2022. Haka ne, muna kuma jajanta wa waɗanda abin ya shafa, musamman 'yan gudun hijirar da tashin hankalin da ya faro a 2015 ya tilasta wa zama inda suka samu. Amma wanda ya sayar da fili a kwarin kogi yana sane, shi ma zai amsa tambaya.

Tun 1964 ƙasashen Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi suka kafa Hukumar Tafkin Cadi domin rabon wannan amana. Aikinta ba ya yiwuwa sai da lissafi na gaskiya. Don haka muna kira ga limamai da masu gari: idan ma'aikatan ruwa suka zo ƙidayar injuna, ko awon lambuna, ko duba idon koma, kada a ɓoye musu, kada kuma a bar yara su lalata sandunan awon ruwa da ke bakin kogi. Manoman da ke jere a gaɓa ɗaya su zauna bayan sallar Juma'a su tsara kwanakin ban ruwa a tsakaninsu, tun kafin kogi ya fara janyewa.