Tawakkali da Neman Taimako ga Ɗalibin Jibiya

Ɗalibin Jibiya mai shirin WAEC, NECO ko JAMB yakan ji ana cewa tawakkali ya ishe shi. Wannan fahimta gurguwa ce, domin Musulunci ya haɗa dogaro ga Allah da riƙon sababi. Tambayar malami, zuwa ofishin NECO a Katsina kan matsalar sakamako, ko ganin likita a Babban Asibitin Jibiya idan fargabar 'yan bindiga ta hana barci, duk sababi ne. Wasu za su ce kai kuka wurin ɗan Adam raunin imani ne. Ai sahabbai ma sun yi tambaya, sun nemi magani. Satar amsa ce addini ya haramta, ba neman taimako ba. Iyaye, ku raka 'ya'yanku su nemi taimako.