Haƙƙin Mai Ciki A Kan Mijinta

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji muna ganin wata al'ada wadda shari'a ba ta san ta ba. Da an gama girbi sai maigida ya rufe rumbu ya tafi cin rani, ya bar matarsa da ciki, tana surfe, tana ɗebo ruwa, tana rayuwa a kan farau-farau. Alhali kuwa Suratul Baƙara a wuyan uba ta ɗora ci da tufafin uwar ɗansa.

Likitoci sun bayyana cewa mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, ramammiya kuma fiye da haka. Idan ta rasa abinci, jininta kan ragu, jaririn ya zo bai kai kilo 2 da rabi ba, ko ya zo bakwaini. Mace mai ƙarancin jini kuwa, zubar jinin da wata za ta jure wajen haihuwa ita yana iya kai ta kabari. Mun ga yadda tamowa ta yi wa yaranmu a yunwar 2005. Sau da yawa ramar yaro tun daga ciki take farawa.

Wasu tsofaffi na hana mai ciki ƙwai da ƙoshi, wai kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita. Wannan kuskure ne, iyayenmu. Wake, gyaɗa, zogale da nono duk Allah Ya hore mana su a ƙasar nan, amma mu kai kasuwa mu bar gida!

Ƙiba mai yawa ma tana da nata haɗari, wato hawan jini, ciwon suga da wahalar naƙuda. Shi ya sa ake ɗora mai ciki a ma'auni ranar awo, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Kada miji ya hana ta zuwa.

Game da azumi, malamanmu na Malikiyya sun ce mai cikin da ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro ta sha, ta rama bayan ta samu lafiya.