MALA'IKU, SHAIƊANU DA TASHIN ALƘIYAMA A BAKIN MASU BAN DARIYA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mala'iku daga haske, Ya halicci aljannu daga harshen wuta, Ya keɓe sanin Sa'a ga kanSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wasu samari masu karatun Ingilishi sun tare mu a ƙofar masallaci da tambayar da muka so mu ture gefe tun farko. Suka ce: shin shaiɗani yana iya gajiya da sharri har ya ƙulla abota da mala'ika? Da muka bi diddigi, sai muka tarar tambayar daga wani fim ta fito wanda ke yawo a salula, shi kuma fim ɗin daga littafi aka ɗauko shi. Muka ga ya fi kyau mu amsa a fili, domin abin da yaro ɗaya ya furta, goma suna riƙe da shi a zuci.

Sunan littafin Good Omens. Marubuta biyu ƴan ƙasar Ingila, Terry Pratchett da Neil Gaiman, suka haɗu suka rubuta shi, ya fito a shekarar 1990. Pratchett ya mutu a 2015, kuma a 2019 kamfanin Amazon da BBC suka mai da labarin fim mai kashi shida. Jigonsa shi ne wani mala'ika da suka raɗa wa suna Aziraphale, da wani shaiɗani, Crowley, sun zauna a duniya shekara wajen dubu shida har ta yi musu daɗi. Na farkon yana da shagon tsofaffin littattafai a birnin Landan, yana son abinci mai kyau. Na biyun, wai shi ne macijin da ya yaudari Hawwa'u, yana yawo da tsohuwar mota ƙirar Bentley da baƙin tabarau. Da lokacin tashin duniya ya matso, sai suka haɗa baki don su hana shi. Jaririn da aka ce ɗan Shaiɗan ne, wanda zai jawo ƙarshen duniya, an yi kuskuren musanya shi ranar haihuwa, ya tashi a wani ƙauye mai suna Tadfield da sunan Adam Young. Da ya kai shekara 11 ya ƙi aikin da aka tanadar masa, duniya ta ci gaba.

Mu fara da mala'ikan, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Imani da mala'iku rukuni ne cikin rukunnan imani shida, kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu wanda Sayyidina Umar ya ruwaito. Allah Ya siffanta su a Suratut Tahrim, aya ta 6, da cewa ba sa saɓa umurninSa, abin da aka umurce su shi suke aikatawa. Ba sa ci, ba sa sha. Ku tuna baƙin Annabi Ibrahim a Suratu Hud: ya kawo musu gasasshen ɗan maraƙi, hannunsu bai kai gare shi ba, har tsoro ya kama shi. To mala'ikan da ke zaune a gidan cin abinci, yana ɓoye wa na sama da shi gaskiya, yana shakkar ko hukuncin Ubangiji daidai ne, wannan mutum ne aka manna wa fukafuki. Marubutan halin ɗan Adam suka zana, suka rataya masa suna mai kama da Israfilu. A cikin fim ɗin abin ya ƙara muni, domin an kawo Jibrilu, Aminin wahayi, a siffar shugaban ofis mai girman kai da ƙarancin tunani, an kuma sa wata mata ta yi murya wai muryar Ubangiji. Subhanallah. Wanda ya karanta aya ta 97 da 98 ta Suratul Baƙara ya san matsayin Jibrilu a wurin Allah, ya san kuma makomar mai gaba da shi.

Shi kuwa Crowley, an ce mala'ika ne da ya faɗo. Wannan aƙidar Nasara ce, littafin kuma a kan littattafansu aka gina shi, musamman na ƙarshe a cikin Baibul. A wurinmu babu mala'ikan da ya faɗo. Suratul Kahf, aya ta 50, ta yanke magana cewa Iblis daga aljannu yake, shi ya sa ya iya saɓo. Labarin maciji ma Alƙur'ani bai ambace shi ba, daga Isra'iliyyat ya shigo wasu tafsirai. Haka nan doguwar ƙissar da ake yaɗawa kan Haruta da Maruta, wai sun sauko sun yi saɓo, Ibnu Kasir ya bayyana cewa asalinta yana komawa ga labaran Bani Isra'ila.

Amma tambayar samarin tana da gefen da ya cancanci amsa ta adalci. Aljannu masu zaɓi ne kamar mu. A cikinsu akwai Musulmi, akwai karkatattu, Suratul Jinn ta faɗa. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim daga Ibnu Mas'ud cewa kowane mutum an haɗa shi da abokin zama na aljannu, har Manzon Allah (SAW), sai dai shi Allah Ya taimake shi a kan nasa, ba ya umurtarsa sai da alheri. Saboda haka aljani yana tuba. Sai dai tubarsa ita ce ya koma ga Allah ya miƙa wuya. Wanda ya bar sharri don yana jin daɗin motarsa da giyarsa, ba ya son a tashi duniya ya rasa su, wannan son duniya ne ya riƙe shi, kuma irinsa a cikin mutane ba su ƙirguwa.

Akwai abu ɗaya da marubutan suka hango, ba za mu ɓoye shi ba. Shaiɗanin nasu yana yawan mamakin yadda mutane ke ƙirƙiro muguntar da shi kansa bai taɓa tunaninta ba. Wannan ya yi kusa da abin da Suratu Ibrahim, aya ta 22, ta ba mu labari: ranar da aka gama hukunci Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa, ya nuna musu cewa kira kawai ya yi suka amsa, su zargi kansu. Mai tauye mudu a kasuwa, da mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada a lokacin bazara, su daina ɗora wa Shaiɗan kaya duka.

Sai maganar Sa'a. A littafin, sama da wuta rundunoni biyu ne masu kama da juna, kowace tana ɗokin yaƙi, an san ranar, an san wurin, kuma yaro ɗaya ya soke ta. Iblis ba kishiyar Allah ba ne. Bawa ne korarre da ya roƙi jinkiri aka ba shi. Sa'a kuwa babu wanda ya san lokacinta, ko Jibrilu da ya yi tambaya, ko Annabin da aka tambaya, kuma bagatatan za ta zo, kamar yadda yake a Suratul A'araf, aya ta 187. Dujal ma ba ɗan Shaiɗan ba ne da zai iya canza shawara. Mutum ne mai ido ɗaya, zai zauna kwana 40 a bayan ƙasa, Annabi Isa (AS) zai kashe shi a ƙofar Ludd. Sun kuma kawo mahaya huɗu a kan babura: Yaƙi, Yunwa, Mutuwa, da Gurɓatar Muhalli, wadda wai ta gaji kujerar Annoba bayan ta ajiye aiki a 1936 saboda an samo maganin penisilin. Shekarar 2020 ta ba su amsa, mu ba sai mun ƙara ba.

Akwai kuma wata matsafiya, Agnes Nutter, wadda duk abin da ta faɗa game da gobe ya tabbata. Wannan ya fi kusa da ƙofar gidanmu, domin ƴan duba da bokaye ba a Ingila kaɗai suke ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. An ce za a tashi duniya a 2000, an sake cewa a 2012, ga mu har yau muna alwala.

Wani zai ce ai wasa ne. Musulunci bai hana raha ba. Manzon Allah (SAW) yana yin raha da sahabbansa, amma ba ya faɗin komi sai gaskiya. Abin da aka tsare shi ne a mai da Allah da ayoyinSa da manzanninSa abin dariya. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun sauka ne a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, kan mutanen da uzurinsu shi ne hira da wasa suke yi, ba a kuwa karɓi uzurin ba. Duk da haka muna jan kunnen masu saurin baki: yaron da ya kalla bisa rashin sani ba a kafirta shi, ana zaunar da shi a koya masa. Kuma kafin a yi suka a bincika. A 2019 wasu Kiristoci sama da dubu 20 sun sa hannu a takardar neman a dakatar da fim ɗin, suka aika wa kamfanin Netflix, alhali ba shi ya yi shi ba. Dariya aka yi musu, fim ɗin ya ƙara suna.

Mun ce wa samarin su share shi daga salularsu, ɗalibin da karatu ya tilasta masa littafin kuma ya riƙe shi a matsayin tatsuniyar mutanen da ba su yi imani da abin da muka yi imani da shi ba. Muka tambaye su ayoyi goman farko na Suratul Kahf, waɗanda aka yi wa mai hardace su alkawarin kariya daga Dujal. Cikin su biyar, ɗaya ne ya kai ƙarshe. Mun yi da su za mu zauna ranar Juma'a bayan sallar asuba mu biya tare, kuma duk mai so ya zo da allonsa ko Mus'hafinsa.