Cinikin Biri a Sama: Shin Ya Dace Mutum Ya Sayi Tsohon Jirgin Ruwan da Bai Gani Ba?

Gabatarwa

Kwanakin baya wani ƙanenmu da ke zaune a kudancin Ingila ya kira mu da wata magana wadda da farko muka ɗauka wasa ce. Wai ya ga tallar wani tsohon jirgin ruwa na katako, irin ƙananan nan masu tafiya da iska, waɗanda Turawa ke fita yawo da su a teku. Jirgin ya ba shekara 60 baya, yana jingine a kan tudu a wani ƙauye na gaɓar yammacin Sikotlan, tafiyar yini guda cur a mota daga inda yake. Mai shi dattijo ne, ƙarfi ya ƙare, ya sa masa kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. Hoto shida kacal ƙanen namu ya gani, amma ya ce tun ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Ya ce, "Yaya, in tura kafin alƙalami ko in haƙura?"

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda mu ba mutanen teku ba ne. To amma da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga tambayar ta wuce ta katako da ƙusa. Tambaya ce a kan abin da mutum ke ɗaukar wa kansa idan ya ce zai raya abin da ya kusa mutuwa, da kuma wanda zai biya kuɗin wannan buri. Abin da za mu duba ke nan a wannan maƙala.

Nisa da Araha

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, nisan nan ba ƙaramar rawa yake takawa ba. Da a ce jirgin a bayan gidan ƙanen namu yake, da tuni ya leƙa cikinsa, ya shaƙi warin ruma, sha'awar ta ragu ko ta tabbata. Da yake yana nesa, duk inda hoto bai nuna ba sai zuciya ta cike gurbin, ita kuwa zuciya ba ta zana ruɓaɓɓen katako. Mai ɗaukar hoto yakan tsaya ta gefen da fenti bai baje ba. Ko da mutumin kirki ne, ba da niyyar ha'inci ba, ta nan shi ma yake son tuna jirginsa.

Masana wannan sana'a sun ce ba ruwan teku ne babban abokin gabar jirgin katako ba, ruwan sama ne. Shi ke ɗiga ta tsagar rufi, ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga, ruɓa ta kama itacen daga ciki alhali fenti na sheƙi daga waje. Daɗin daɗawa, jirgin da ya daɗe a tudu allunansa kan bushe su tsuke, haɗinsu ya buɗe. Ƙusoshin ƙarfe kan yi tsatsa su ci itacen da ke kewaye da su, injin kuma ya ƙame. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hoto ke nunawa. Shi ya sa masu duba jirage ke zuwa da 'yar guduma da basilla, suna ƙwanƙwasa allo ɗaya bayan ɗaya suna sauraron amonsa. Lafiyayyen itace amonsa ras, ruɓaɓɓe kuwa bus.

Sai batun araha, wadda Bahaushe ya ce ba ta ado. Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Akwai ladan na'urar da za ta ɗaga jirgin, da kuɗin babbar motar da za ta ɗauko shi, da hayar filin da zai zauna wata da watanni, kafin a zo ga katako da kafinta.

Ga misali daga Ingilar kanta. A shekarar 1966 Francis Chichester ya tashi daga Plymouth shi kaɗai a jirginsa Gipsy Moth IV, ya zagaya duniya da zango ɗaya tak a Sidni ta Ostareliya, ya dawo a watan Mayu na 1967. Bayan haka aka girke jirgin a kan tudu a Greenwich ta birnin Landan don jama'a su riƙa kallo. Shekara fiye da 30 ruwan sama na cin sa. A 2004 aka sayar da shi a kan fam 1. Amma gyaran da ya mai da shi teku a 2005 ya lashe wajen fam dubu 300, kuma sai da aka yi gangamin neman gudummawa. Ashe ba jirgi aka saya da fam ɗayan nan ba, nauyi aka karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Hujjar Masu Cewa a Saya

Duk da haka, ba adalci ba ne mu tsaya a nan. Da kowa zai bi lissafi zalla, da babu tsohon abin da zai tsira a duniya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Jirgin katako aikin hannun mutane ne da suka riga mu gidan gaskiya. A jikinsa ake karanta yadda suke lanƙwasa itace da tururi, da yadda suke haɗa allo da allo har ruwa ya kasa shiga. In ya ruɓe, wani yanki na wannan ilmi ya tafi ke nan. Wanda ya ceto shi bai yi aikin banza ba.

Babban abin misalin masu wannan ra'ayi shi ne Joshua Slocum, wani matuƙin jirgi haifaffen Kanada. A shekarar 1892, lokacin da jiragen tururi suka karya kasuwar masu tafiya da iska ya rasa aikin yi, wani abokinsa kyaftin ya yi masa kyautar jirgi. Da ya isa garin Fairhaven na jihar Massachusetts ta Amurka, sai ya tarar da wani tsohon jirgin masunta mai suna Spray a yashe a fili, an lulluɓe shi da tamfol, mutanen gari na ganin ya gama yayi. Slocum ya saro itace da kansa, ya sake ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa da allunansa. Wata 13 ya yi yana aikin, ya kashe dala 553 da 'yan kai. A watan Afrilu na 1895 ya tashi daga Boston, ya dawo a watan Yuni na 1898. Shi ne mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai a jirgin ruwa.

Labari ne mai daɗi, amma a duba da kyau. Slocum bai yi cinikin biri a sama ba. Sai da ya je ya gani da idonsa. Sannan ba ɗan koyo ba ne: a 1888 ya taɓa ƙera jirgi da hannunsa a Barazil bayan nasa ya farfashe, ya kwaso iyalinsa a ciki har Amurka. Bugu da ƙari, a gindin jirgin ya tare, kullum yana kansa. Wato yana da gani, da gwaninta, da lokaci. Da yawa daga masu kafa hujja da shi burinsa kawai suka gada, ban da waɗannan ukun.

Wane Jirgin Ake Ceto?

A nan wata tsohuwar tambaya ta masana falsafa ke shigowa. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin jarumi Theseus wanda mutanen Atina suka adana zamani mai tsawo, duk allon da ya ruɓe su cire su sa sabo. Masana suka yi ta jayayya: bayan an sake duk allunan, shi ne ko wani ne? A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara dagula lissafin: to in wani ya tattara tsofaffin allunan ya harhaɗa su, wanne ne na ainihi a cikin biyun?

Ga mai niyyar saye wannan ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne kawai. In har gyaran zai kai ga sake komai, kamar yadda Slocum ya yi, to me ya saya? Siffa ya saya, da suna, da tarihi. Mu a ganinmu waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, domin jirgi ba tarin katako ba ne; abin da ya mai da shi jirgi shi ne ya hau ruwa ya ɗauki mutane. Muddin ba a yanke wannan aiki ba, jirgin na nan da ransa ko da allo nawa aka sake. Daga nan kuwa sai wani hukunci mai nauyi ya biyo baya: wanda ya sayo shi ya kasa mai da shi ruwa bai ceci komai ba. Wurin mutuwa kawai ya sake masa.

Haƙƙi Uku

Wannan ya kawo mu ga zuciyar maganar. Muna ganin akwai haƙƙi uku a wuyan mai wannan shawara.

Na farko haƙƙin jirgin ne, ko mu ce haƙƙin waɗanda suka ƙera shi da waɗanda za su iya raya shi. Matakin farko na gyara shi ne warwarewa, kuma shi ne mafi sauƙi. A 'yan makonni mutum zai ɓamɓare rufi, ya cire inji, ya zare alluna, yana jin aiki na tafiya. Mayarwar ce ke cin shekaru. In kuɗi ko zuciya ta ƙare a tsakani, jirgin da aka warware ya fi wanda ba a taɓa ba saurin lalacewa, kuma ba mai saye, don ba wanda ya san inda kowane guntu ya fito. Da yawa ƙauna ce ta kashe su, ba sakaci ba. Saboda haka wani lokaci barin kaza cikin gashinta shi ne jinƙai, ko Allah Ya kawo wanda ya fi mu iko.

Na biyu haƙƙin iyali. Ƙanen namu na da mata da 'ya'ya uku, ga mahaifiya a gida da ke jiran aikensa duk wata. Da yake ba mu labari sai "kuɗina" da "lokacina" yake cewa. To amma ranakun Asabar da Lahadin da zai kwashe shekaru yana ƙarar da su a ƙarƙashin tamfol ba nasa ba ne shi kaɗai. Yaron da ke shekara 8 yau, kafin jirgi ya taɓa ruwa ya zama saurayi. Ba mu ce magidanci ba shi da ikon yin abin sha'awa ba. Mutum ba jakin dako ba ne. Abin da muke cewa shi ne, burin da wasu za su biya kuɗinsa dole a nemi yardarsu, kuma da lissafi na gaskiya, ba wanda aka rage don a samu amincewa ba. Duk wanda ya ga yana ɓoye wa maiɗakinsa ainihin adadin, to ya riga ya san amsar.

Na uku haƙƙin mutum a kan kansa, wato ya gaya wa kansa gaskiya. Akwai mai son tuƙi, akwai mai son sassaƙa, akwai kuma mai son a ce yana da jirgi. Mai son tuƙi gara ya yi haya ko ya sayi lafiyayye, gobe ya shiga ruwa. Mai son sassaƙa, wanda ƙamshin katako ke faranta wa rai ko da bai taɓa barin gaɓa ba, shi ne ya cancanci wannan ciniki. Na ukun kuwa ba jirgi yake so ba, hoton kansa yake so a cikin jirgi. Sau da yawa ma wani abu yake gudu: gajiyar aiki, ko kaɗaicin baƙunta, ko ganin shekaru na tafiya. Irin wannan ciwo katako ba ya maganinsa.

Kada kuma a manta, gyara ba ya ƙarewa ranar da aka tura jirgi ruwa. Slocum kansa ya tashi a cikin Spray a watan Nuwamba na 1909, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, shi da jirgin. Waɗanda suka ga jirgin a shekarunsa na ƙarshe sun ce kulawar da yake samu ta ragu ƙwarai. Amanar katako ta kullum ce.

Kammalawa

Ba mu ce wa ƙanen namu ya saya ba, ba mu kuma ce ya fasa ba. Cewa muka yi kada sisinsa ya fita sai ya taka ya je, domin gani ya kori ji. Ya ɗauki mai duba jirage wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya biya shi ladansa ko da ladan ya kusa kuɗin jirgin. Kafin ya tashi ya rubuta iyakar abin da zai iya kashewa, da shekarun da zai iya bayarwa, ya nuna wa maiɗakinsa, don kada ganin jirgi ya sa ya sake lissafi. Ya kuma ƙudurta a ransa cewa dawowa hannu rabbana ba kunya ba ce. Kuɗin mota ya biya ya sayi gaskiya. In kuwa basilla ta nutse a ƙashin bayan jirgin, ya gaya wa dattijon abin da ya gani cikin ladabi, don shi ma ba kuɗi yake nema ba, wanda zai sauke masa nauyi yake nema.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, in na je na tarar da shi lafiya fa?" Muka ce a lokacin tambayar ta tashi daga kan jirgi ta dawo kanka, kuma wannan ba wanda zai amsa maka. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Allah Ya sa mu dace.